Fentin Ruwa, Na Mai Ko Na Tina: Wanne Ya Dace Da Ƙaramin Jirgin Yaƙinka A Laimar Legas?

Haɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙi na roba ba shi ne wahalar ba. Ka yanko sassa, ka manna da gam, ka goge mahaɗa, cikin 'yan kwanaki jirgi ya tsaya da ƙafafunsa. Wurin fenti ne ake bambanta gwani da ɗan koyo. Takardar da ke cikin kwali za ta ba ka lambar launi, amma ba ta san kana zaune a Agege ko Idi-Araba ba, inda laimar iska kan haura kashi 80 cikin ɗari da damina, riga ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Fentin da ya yi wa mutumin Ingila kyau yana iya yi maka fari-fari kamar an yayyafa masa madara. Saboda haka kafin ka kashe kuɗi, ga yadda nau'ukan nan uku suke a hannu.

Za mu yi misali da jirage biyu na Yaƙin Duniya na Biyu da suke da alaƙa da mu. Na farko Hurricane. Daga watan Satumba na 1940 Ingila ta riƙa sauke jirage a akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana, a haɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Khartum har Alkahira. Na biyu Spitfire, wanda ya fara tashi ranar 5 ga Maris 1936, kuma shi ne jirgin runduna ta 91 ta mayaƙan saman Ingila, wadda aka raɗa wa sunan Najeriya. Faɗin fukafukan Spitfire mita 11.23 ne, wato a ma'aunin 1/72 (samfur kashi ɗaya cikin 72 na girman jirgin gaske) santimita 15.6, a 1/48 kuma 23.4. Hurricane ya ɗan fi shi: santimita 16.9 da 25.4. Riƙe waɗannan alƙaluma, domin girman jirgin yana cikin abin da zai raba maka gardama tsakanin buroshi da feshi.

Sunayen da za mu yi amfani da su

Kamar yadda masu fentin gida da na mota suke rarrabewa, haka za mu bi. Fentin ruwa shi ne akrilik, irin su Vallejo. Fentin mai shi ne inamel, irin su Humbrol mai ƙaramin gwangwani na mililita 14. Fentin tina shi ne lakwa, irin su Mr. Color mai kwalbar mililita 10. Akwai kuma ɗan tsaka-tsaki, Tamiya mai lambar X da XF: an rubuta akrilik a jikinsa, ruwa yana wanke shi yana ɗanye, amma sinadarin alkohol ne ke ɗauke da shi, shi ya sa halinsa ya bambanta da Vallejo ƙwarai. Wanda ya zuba wa Vallejo alkohol zai ga ya dunƙule kamar kindirmo ya toshe bindigar feshi. Kada tambarin akrilik ya sa ka haɗa su a kofi ɗaya.

Fentin ruwa

Babbar falalarsa ita ce ba shi da warin da zai kori iyali daga ɗaki. Ga mai zaman ɗaki ɗaya ko ciki da falo, wannan kaɗai ya isa dalili. Ta biyu, yana da sauƙin isowa Legas. Fentin mai, da na tina, da gwangwanin feshi duk kayan kama wuta ne, masu jigilar kaya ta jirgin sama sukan ƙi ɗaukarsu, kuma ba a yarda fasinja ya sa su a jaka ba. Na ruwa zalla bai cika samun wannan cikas ba.

Da buroshi, a cikin fentin ruwa Vallejo Model Color ya fi kowanne daɗin shafawa. Ɗiga biyu na fenti, ɗiga ɗaya na ruwa mai tsabta, buroshi mai faɗin baki kamar milimita 6 zuwa 8. Shafin farko zai fito da zane-zane, roba tana leƙowa ta ƙasa, kuma a nan ne 'yan koyo suke ɓata aiki: sai su koma suna dirzawa kan wanda ya fara daskarewa, ya yage ya bar gurbi. Bar shi. Bayan minti 30, ko awa guda idan hadari ya haɗu, ka sake shafi na biyu a gicciye da na farko. A na uku launi zai zauna sumul. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kauri yana cike siraran layukan jikin jirgi, waɗanda su ne za su fito da kyansa daga baya.

Rauninsa biyu ne. Ba ya kama roba tsirara, don haka dole a yi masa fentin shimfiɗa, wato shafin farko da ke kama roba domin launi ya hau kansa, in ba haka ba ranar da ka ɓare salatif zai taso da shi kamar fatar albasa. Sannan yana yaudara: ya bushe a taɓi cikin rabin awa, amma bai yi ƙwari ba. A watan Yuni ko Yuli ba shi awa 48 kafin ka manna masa komai.

Tamiya kuwa akasin haka yake. Da buroshi yana da gardama, yana bushewa tun buroshi bai kai ƙarshen fiffike ba, shafi na biyu kuma yana narkar da na farko, sai an ɗiga masa ruwan jinkirta bushewa na kamfanin. Amma a bindigar feshi babu mai sauƙinsa. Kashi ɗaya fenti, kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi na X-20A, ruwan tsinka fenti na kamfanin, ya fita laushi kamar hayaƙi. Launukan Spitfire na bayan Agustan 1941 suna nan a shirye: XF-81 kore mai duhu, XF-82 ruwan toka mai duhu, XF-83 ruwan toka mai haske na ciki, wato ƙasan jirgi. Na shekarar 1940 kuwa XF-81 da XF-52 a sama, XF-21 a ciki.

Fentin mai

Shi ne na iyaye da kakanni a wannan sana'a, kuma har gobe babu wanda ya kai shi kwanciya da buroshi, saboda yana daɗewa a jiƙe har sawun gashin buroshi ya baje da kansa. Yana kama roba ko babu shimfiɗa, in ya bushe kuma ya yi ƙwari. Lambobin Humbrol na jiragen Ingila sanannu ne: 29 ruwan ƙasa, 30 kore mai duhu, 90 na ciki, 78 na mazaunin matuƙi. Hurricane na hamada kuwa 29 da 225 ruwan rairayi a sama, 157 shuɗi mai haske a ciki.

Matsalarsa a Legas lokaci ne. Ƙa'ida a jira awa shida tsakanin shafi da shafi, amma da damina mai sheƙi yana iya kwana biyu ko uku yana danƙo. Duk tsawon wannan jira ƙura tana sauka, ƙananan ƙwari suna maƙalewa, yatsa yana barin tambari. Jirgi mai launi uku, kowane launi shafi biyu, ka lissafa da kanka. Wani abin da ke sa ya ƙi bushewa shi ne rashin motsawa: garin launi yana kwantawa a gindin gwangwani, mai ya taso sama. Girgizawa ba ta isa ba, sai an sa tsinke an gauraya minti biyu cur har babu gudaji. Kuma kada a tsinka shi da kananzir, ko da yake yana narkar da shi. Kananzir yana da maiƙo, yana ƙara jinkirta bushewa. Farin tafentain marar wari da ake samu wurin masu kayan zane a Yaba ya fi.

Ra'ayinmu: a garin nan fentin mai bai cancanci zama babban fentin jiki ba sai ga wanda yake da haƙuri da kuma akwatin rufewa. Amma kada a rasa gwangwani biyu ko uku, baƙi da ruwan ƙasa da ruwan azurfa, domin aikin ƙarshe.

Fentin tina

In ana maganar kyawun gamawa, shi ne sarki. Siriri ne, yana ɗan cizon roba ya kama gam, yana bushewa cikin minti goma, bayan awa biyu ka manna salatif ka ɓare ba abin da zai taso. Jirgin da zai ci mako biyu da fentin mai, da wannan Asabar da Lahadi sun isa. A Mr. Color, C21 ruwan rairayi ne, C22 ruwan ƙasa, C23 kore. Ana tsinka shi kashi ɗaya fenti, kashi ɗaya da rabi zuwa biyu tina.

Sai dai shi ne wanda laima ta fi yi wa illa, kuma ya kamata a fahimci dalili. Tina tana tashi da sauri, tashin nata yana sanyaya fuskar roba, kamar yadda turare ke sanyaya fata. Iska mai ɗauke da ruwa ta taɓa wurin mai sanyi sai raɓa ta sauka a kan fentin da bai rufe ba, ruwa ya maƙale ciki, launi ya yi hazo. Masu fentin mota a Ladipo, kasuwar kayan mota, sun san wannan sarai, shi ya sa ba sa son feshi ana tsaka da ruwa. Maganinsa a yi amfani da Mr. Color Leveling Thinner, wadda aka haɗa da sinadarin jinkiri, a yi feshi tsakanin hantsi da azahar a ranar da gari ya washe, ba da asuba ko bayan an ɗauke ruwa ba. In hazo ya riga ya fito, sau da yawa fesa tinar zalla sama-sama yana buɗe fentin ruwan ya fice.

Akwai wani tarko da ya shafi masu na'urar sanyaya ɗaki. Jirgi ya kwana cikin sanyi, ka fito da shi baranda don feshi, nan take raɓar da ido ba ya gani ta lulluɓe shi, kamar yadda tabarau ke yi in ka fito daga banki. Ajiye shi a wajen minti 20 ya ɗauki zafin wurin tukuna.

Da buroshi kuwa, manta da shi, sai dai ƙananan wurare. Kuma warinsa ba abin wasa ba ne. Takunkumin ƙyalle ba ya tare komai, sai mai gwangwanin tace tururin sinadari. Ba a fesa shi kusa da risho, ko gas, ko maganin sauro na kunnawa, ko janareta mai aiki. Wanda ba shi da baranda ko taga mai fanka da ke fitar da iska waje, ya haƙura da shi. Tinar masu mota ta kwalba, wadda ake samu ko'ina, tana da amfani ɗaya: wanke bindiga. In ta taru a jikin samfur tana narkar da roba, murfin gilashin matuƙi kuma ta kashe shi har abada.

Buroshi ko feshi

A 1/72 buroshi ya wadatar, musamman ga jiragen Ingila, domin iyakar launukansu a wannan ƙanƙanta kusan a yanke take. A 1/48 fiffike ya yi faɗin da sawun buroshi zai nuna, a nan feshi ya fara biyan kuɗinsa. Wanda kuma yake son jirgin Jamus irin Bf 109 mai ɗige-ɗigen gefe masu laushin baki, ko MiG-17 na yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 in zai yi shi da launin ƙarfe tsirara, feshi ya zame masa dole.

Ƙaramar bindigar feshi mai bakin milimita 0.3 ita ce ta kowa da kowa. Ƙarfin iska psi 15 zuwa 18, tazara santimita 8 zuwa 10. In fenti ya sauka da gurzi kamar yashi, ya bushe ne a hanya: ka yi nisa, ko iska ta yi yawa, ko bai tsinku ba. Wannan ya fi faruwa a Disamba da Janairu in hunturu ya leƙo. In ya bazu kamar ƙafafun gizo-gizo, ka matso da yawa ko ya yi ruwa.

Wajen kwamfiresa, abu biyu ne ba a sassauci a kansu a Legas. Ta kasance mai tanki, domin in an ɗauke wuta kana tsakiyar fiffike iskar tanki za ta kai ka ƙarshensa. Ta kasance da matarar ruwa, kuma gara a ƙara ƙarama ta biyu a gindin bindiga, saboda iska tana sake sanyi a cikin tiyo ta haifar da ruwa bayan ta wuce ta farko. Tofin ruwa ɗaya a kan fentin tina ya isa ya mayar da kai ga samfefa. A kwance noti na ƙasan tanki a zubar da ruwa bayan kowane aiki, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi ta ciki.

Gwangwanin feshi hanya ce ta tsakiya, Tamiya tana da jerin AS na jirage, amma samunsa ne aiki. Na kasuwa da ake fesa wa ƙofa da babur yana fita da yawa, sinadarinsa kuma da zafi. In dole ne, gwada a kan ragowar sandunan robar da ka yanke sassa daga jiki.

Wane ne ke hawa kan wane

Nan ne zaɓin ya daina zama ɗaya daga uku, domin gwanaye suna haɗa su ne bisa tsari. Mai zafin sinadari a ƙasa, mai sanyi a sama. Na tina ya fara, na ruwa ya hau kansa, na mai da aka tsinka ya zo ƙarshe. In ka juya, ka fesa na tina jiƙe-jiƙe a kan na mai, zai tattare kamar fatar tsohuwa.

Ga yadda aikin yake tafiya. Wanke sassa da ruwa da sabulun wanke-wanke, domin maiƙon hannu, balle zufar Legas, yana hana fenti kamawa. Cike mahaɗa da fila, goge da samfefa mai lamba 600, sannan 1000, sannan 1500, da ruwa. Rufe gilashi da salatif ɗin Tamiya, ba na ofis ba, wanda gam ɗinsa ke narkewa da zafi ya bar danƙo. Fesa shimfiɗa, Mr. Surfacer 1200 ko ta Vallejo ga mai gudun wari. Fara da launin ciki, sannan mai hasken sama, mai duhu a ƙarshe. Don iyakar launuka, murza Blu Tack, danƙon manna takarda a bango, siriri kamar taliya ka shimfiɗa bisa zanen, ka fesa a tsaye daidai kansa. Kada ya kwana a jiki, zafi yana sa ya bar tabon mai.

Sai banish mai sheƙi kafin sitika. Dalilinsa: fenti marar ƙyalli yana da ƙananan ramuka, iska tana maƙalewa ƙarƙashin sitika, gefenta ya riƙa walƙiya kamar azurfa. Tsoma sitika a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 15, ajiye ta a kan tsumma har ta motsa da kanta, shafa Micro Set, ruwan da ke taimaka wa sitika kamawa, a gurbin, zame ta, danne da auduga, sannan Micro Sol, ruwan da ke tausasa ta, a sama. Za ta yamutse kamar ta lalace. Kada ka taɓa, da safe za ka tarar ta kwanta cikin layuka. Af, takardar sitika ita ce abin da laima ke fara ci a cikin kwali, tana mannewa da takardar da ke rufe ta. Ranar da kaya suka iso, sa ta a leda mai zif tare da 'yar jakar tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Bayan wani siririn banish, sai ruwan layi, mai fito da layukan jikin jirgi: kashi ɗaya fentin mai ruwan ƙasa mai duhu, kashi goma tafentain. Taɓa bakin buroshi a layi, zai gudu da kansa. Bayan minti 20 goge rarar da auduga mai ɗan danshin tafentain, daga gaba zuwa baya yadda iska ke bi. Wannan yana yiwuwa ne kawai don tafentain ba ya narkar da banish na ruwa. Wanda ya yi jikin da fentin mai bai rufe shi da banish na ruwa ba, zai goge har launin. Kada kuma ruwan ya taru a gindin ƙafafun jirgi, yana sa roba ta yi gautsi ta karye.

Wajen tsufar da jirgi, a san jikinsa. Bayan Hurricane, daga bayan mazaunin matuƙi zuwa wutsiya, yadi ne aka ja a kan firam, ba ƙarfe ba, don haka ɗiga masa ruwan azurfa a matsayin ƙujewa kuskure ne da masani zai hango daga nesa. Ƙujewa tana gindin fiffike inda matuƙi ke takawa, da murafun inji, da ƙofofin bindigogi. In na hamada ne, tabbatar kwalin yana da matatar ƙura ta ƙarƙashin hanci. Hayaƙin salansa kuma a ja shi siriri, ruwan ƙasa da toka, ba baƙi ƙirin ba.

Banish marar ƙyalli na ƙarshe shi ne ya fi cin amana. Garin da ke kashe sheƙi fari ne, in aka fesa da kauri ko cikin laima sai jirgi ya yi furfura bayan an gama komai. Gwada a cokalin roba da ka shafa wa baƙi, jira minti 15, in ya fito tas sannan ka matso jirgin, shafi biyu sama-sama. In ya riga ya yi furfura, siririn banish mai sheƙi yakan dawo da launi, sai a sake a ranar da ta fi bushewa.

To wanne za a saya

Mai jirgin farko, mai ɗaki ɗaya da yara: Hurricane ko Spitfire na kamfanin Airfix a 1/72, Vallejo launi biyar ko shida, shimfiɗarsa, buroshi mai faɗi ɗaya da siriri ɗaya, banish iri biyu, da roba mai murfi irin ta ajiye abinci don kifewa a kan jirgi yana bushewa, a ɗan ɗaga gefe iska ta shiga. Mai baranda da kwamfiresa wanda ya koma 1/48: Tamiya, kuma in ya samu Leveling Thinner ya tsinka da ita maimakon X-20A, zai samu kusan ƙwarin fentin tina da kwanciyarsa, amma ya sa takunkumi, domin warin ya dawo. Fentin tina zalla na wanda yake da wurin aiki daban ne da kuma hanyar samun kaya ta jirgin ruwa. Shi ma ya tara manyan feshinsa zuwa ɗan tsagaitawar ruwa na Agusta, ko daga Nuwamba zuwa Fabrairu, watannin Yuni da Yuli kuma ya yi su a kan gam da samfefa da mazaunin matuƙi.